Ɗaɗɗoyar Bushiya da Bakin Akuya

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu ji ta.

"Kin ci!"

"Ban ci ba, ɗanɗanawa na yi!"

Bushiya ce da Akuya ake ta yi a bayan gari. Bushiya ta shuka ɗaɗɗoya saboda ɗanta, wanda duk ƙarshen damina mura ke toshe masa ƙirji, ba ya samun numfashi sai an yi masa surace da ganyenta. Ga shi Akuya ta tsinke kan shukar tas.

Sai maƙwabcinsu Kurege ya leƙo, ya gyara murya irin ta manya, ya ce wa Bushiya, "Baiwar Allah, noma sai da hankali. Dubi tawa." Shi ya kewaye tasa da ƙaya, ko ƙuda ba ya ratsawa.

Bushiya ta tare a gindin shukarta tana ƙunƙuni. Kwana bakwai, sai ta ga inda aka tsinke ya fito da rassa biyu. Ta tafi ɗiban ruwa, sai Akuya ta sake lallaɓowa ta tsinke kawunan. Biyu suka zama huɗu. Bushiya ta yi tunani. A karo na uku, da kanta ta je wurin Akuya.

"Yaya Akuya, zo ki ɗanɗana mana. Amma kan kawai!"

Akuya ta ce, baki cike, "Mmm, ni dai ban iya ƙin zumunci ba."

Shukar ta yi dumu-dumu da ganye, ƙamshi har hanya. Ta Kurege kuwa ta miƙe zalau kamar sanda, ta yi fure, ta yi iri, ganye ya kaɗe.

Sai ga mura ta sauka. Ɗan Bushiya yana ta shaƙewa. Ta tafasa ganye cikin tukunya, ta lulluɓe shi da zane. Ya yi gumi sharkaf, ya yi atishawa uku, ya leƙo ya ce, "Inna, akwai sauran tuwo?"

Kun ji fa, ba duk abin da ya rage maka ne ya cuce ka ba.

Ana nan sai ga Kurege da ƙwarya, hanci a toshe. Bushiya ta cika masa, ta ce, "Malam mai hankali, ina taka? Bushewa ta yi?"

Ya ja majina, ya ce, "Ba bushewa ta yi ba. Azumi take."

Ƙurunƙus kan kusu!