Mai Tsaya wa Jatau

Ku matso ku sha labari. Ruwa ya cinye gonar Jatau, gida ba ko ƙwayar gero, sai ya tafi neman aikin tsaron sito gun Alhaji Barmo, dillalin hatsi.

"Ranka ya daɗe, sunana Jatau, aiki nake so."

"Kawo wanda zai tsaya maka, wanda na yarda da shi."

"Wa ka yarda da shi?"

"Duk duniyar nan, ni kaɗai."

'Yan dako suka kwashe da dariya. Jatau ko gezau.

"To Alhaji, ka taɓa kama ni da sata?"

"Yau na fara ganinka, malam!"

"Ƙarya fa?"

"Ban taɓa ba."

"Jama'a, kun ji. Mutumin da Alhaji ya yarda da shi ya shaide ni. Ko shi ma ba ka yarda da shi ba?"

Alhaji ya miƙo makulli.

"Buhu ɗaya ya ɓace, ka san sauran."

"Na sani, ranka ya daɗe. Wanda ya tsaya mini shi zai biya."