Kafaɗar Jatau Mai Bugu

An ce wai a wani gari mai yawan marina an yi wani mai bugu, sunansa Jatau. Shekara ashirin suna zama gaban gungume shi da yayansa Tanko, wannan ya sauke guduma kan rinanniyar riga, wancan ya ɗaga, har shuni ya yi ƙyalli. Ana nan sai kafaɗar Jatau ta dama ta soma ciwo, ba faɗuwa, ba buguwa. Ya daure wata biyu, har hannun ya ƙi wuce kunne.

Salla ta matso, riguna sun taru a mabuga, aka fara zancen a ba wani wurinsa. Tanko ya ce a kai shi wajen Nomau wanzami a yi masa ƙaho. Matar Jatau, Tabawa, ta ce atafau sai Barau maɗori, don shi ya ɗora ƙafar ƙanenta. Gardama ta ƙi ƙarewa, Jatau kuwa ya rasa wanda zai saɓa wa. Sai suka tafi gaban Sarkin Marina, wani tsoho mai sanyin magana da ake kira Baba Mati.

Baba Mati ya saurare su har suka gama. Ya ce, "Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku kirawo mini su duka biyu, amma ɗaya bayan ɗaya."

Nomau ya fara shigowa da zabirarsa. Tsohon ya dafa tasa kafaɗar, ya yamutse fuska, ya ce, "Wanzam, ga Jatau ba lafiya, ni ma tawa ta hana ni sakat. Duba mu."

Nomau ya ɗan latsa ta Jatau, ya latsa ta tsohon, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ciwonku ɗaya. Mataccen jini ne. Ƙaho uku-uku, gobe warhaka kun warware."

Aka yi masa godiya, ya fita. Barau ya shigo, Baba Mati ya maimaita masa maganar. Barau ya zauna, ya tambayi tsohon yaushe abin ya soma, ya ɗaga hannun, ya juya shi gaba da baya. Sai ya yi murmushi.

"Baba, in dai wannan kafaɗar ce, ta fi tawa lafiya. Ko so kake uwargidanka ta riƙa tausaya maka?"

Mutane suka yi dariya. Barau ya juya kan Jatau, ya daɗe yana tambaya: ko ya faɗi, ko yana iya kwanciya a kanta, ko ciwon na sauka har yatsu, ko ƙirjinsa na yi masa nauyi. Ya bi ƙashin da yatsa tun daga wuya. Daga nan ya sauke hannunsa.

"Babu karaya, babu gocewa. Wannan ba aikina ba ne. Ni abin da ya karye nake ɗaurewa, in na ɗaure wannan sai ta ƙara sandarewa. Ka tafi asibiti wajen likitan ƙashi, ya ɗauki hoto ya ga abin da yatsana ba ya gani."

Tanko ya fusata. "Haba Baba! Wancan ya ce zai warkar, wannan ko man shafawa bai bayar ba. Ai an san wanda ya ci."

Baba Mati ya ce, "An sani kuwa, Tanko, Barau ne. Kafaɗata lafiyarta ƙalau, gwaji na yi. Nomau ba macuci ba ne, ƙaho ya gada, don haka duk kafaɗar da aka miƙa masa ƙaho yake gani a kanta. Amma wanda bai rarrabe mai ciwo da lafiyayye ba, yaya zai rarrabe ciwo da ciwo? Ke kuma Tabawa, kin zaɓi mutumin kirki, sai dai kin zaɓe shi don ƙafar ƙanenki, alhali ƙafar ta karye, wannan kuwa ba ta karye ba. Jatau, bi hanyar da aka nuna maka. Wurinka a gungume kuma ba mai zama har ka dawo, ni na faɗa."

Jatau ya tafi asibiti. Likita ya duba hoton, ya ce jijiyoyin gaɓar ne suka ƙage, ba sai an yi aiki ba, ya tura shi wajen masu gashin ƙashi. Wata ma'aikaciya ta koya masa hawa bango da yatsu, kullum ya ƙara kaɗan. Abin ya yi masa kama da wasan yara, har ya so ya bari, Tabawa ta hana. Sallar ta wuce bai taɓa guduma ba. Sai bayan wata huɗu, ran wata Laraba da hantsi, masu wucewa suka ji bugu bibbiyu na tashi daga mabuga, suka tsaya suna saurare.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, in za ka miƙa jikinka, miƙa wa wanda ya tambaye ka kafin ya taɓa ka, wanda kuma ba ya jin kunyar nuna maka ƙofar wani.