Baƙar Saiwar Cana da Rumfar Malam Jatau

Ku gyara zama, ni ba na maimaita magana, kuma ba na yi mata ragi.

An yi wani tsoho mai sayar da kayan yaji da saiwoyi, Malam Jatau, rumfarsa a daidai bakin ƙofar kasuwa. Ciwo ya kayar da shi: gudawa ba tsayawa, ƙirji da goshi kamar garwashi, ya kasa zama ya kasa kwanciya, sai juyi. An kai shi asibiti an dawo, babu sauƙi. Dangi suka ce zafi ne, aka yi ta ɗura masa tsamiya da jiƙon darbejiya da ruwan randa, shi kuwa sai ƙara zubewa yake. Ya kira 'ya'yansa uku, ya ce duk wanda ya tashe shi, rumfar tasa ce.

Babban, Sallau, ya taɓa yi wa wani dattijo ɗan Cana kuku a kamfanin fata. A wurinsa ya ji cewa kowane tsiro da halinsa, wani zafi, wani ɗumi, wani sanyi. Mai yaji yana watsawa, mai tsami yana tsukewa, mai ɗaci yana korawa ƙasa. Sallau ya taɓa ƙafafun uban, ya ji su kamar ƙanƙara. Ya duba harshe, fari fat. Ya miƙa ruwan sanyi, tsoho ya kau da kai. Ya miƙa mai ɗumi, ya kurɓa. Sai ya ce sanyi ne ya cika cikin, ya koro ɗan zafin da ya rage zuwa waje. Goggonsa ta ce, "Sallau, mutum na ƙuna ka ce a ƙara masa wuta? Hayaƙin girkin ne ya taɓa maka kai?" Ya kifar da ƙwaryar tsamiyar, ya tsare ƙofa. Sai dai citta da kanumfarin rumfar ba su kai ƙarfin wannan sanyi ba. Ya ce akwai wata baƙar saiwa ta 'yan Cana mai tsananin zafi da za ta iya korar sanyin, amma maigidan nasa ya daɗe da komawa ƙasarsu.

Mai bi wa Sallau, Marka, dillaliya ce. Ta shiga birni tana bin shaguna har takalminta ya tsinke, ta gano wata 'yar Cana mai sayar da kwanuka da ke ajiye da saiwar. Matar ta ce ba ta sayarwa, guba ce, in ta kashe mutum ita za a kama. Marka ta shimfiɗa mayafinta a ƙofar shagon ta zauna, duk mai ciniki sai ya tsallake ta. Ta ce, "Madam, ubana na can rai a hannun Allah. Ni da ke sai ɗaya ta gaji." Matar ce ta gaji. Ta ba ta saiwar, ta haɗa mata da wata mai zaƙi da za ta danne kaifinta. Ta ce a yi ta tafasawa har sai ta daina kashe harshe, kuma mai lafiya ne zai ɗanɗana kafin majiyyaci ya sha.

Tukunya ta hau wuta. Da aka zo ɗanɗanawa, Sallau ya kalli Marka, Marka ta kalli murhu. Autarsu Delu tana da goyo. Ta kwance jaririn ta miƙa wa maƙwabciya, ta ce kada a kawo mata shi shan nono sai ta nema da bakinta. Ta lasa. Leɓe ya mutu, yatsu suka ɗau rawa, zuciya na dukan ƙirji kamar za ta fito. Ta zube nan gindin murhu. Da ta dawo hayyacinta ta ƙara itace, ta ƙara ruwa, ta sake lasa, yaro na tsala kuka a bayan katanga. Haka ta yi ta yi har harshenta ya ji ɗaci zalla, sannan ta tace ta kai wa uban.

Ƙafafun Jatau suka yi ɗumi, gudawa ta tsaya, ya nemi kunu.

Yanzu ga shi ya miƙe, yana ta kai da kawowa a tsakar gida da mukullin rumfar a hannu, 'ya'ya uku sun zuba masa ido. Kada wani ya ce mini su raba. Rumfar 'yar tsukuka ce, mutum biyu ba sa zama a cikinta.

To, Sallau da ya gane ciwon, da Marka da ta ƙwato maganin, da Delu da ta sa harshenta, wa za a miƙa wa mukullin?