Kashim da Kwamfutar da Ba Ta Son Gaggawa

Akwai wani mai ɗaukar hoto a garin Potiskum, sunansa Kashim. Shagonsa na bakin titin da ke zuwa Kano, kusa da tasha. Ya iya aiki, wannan ba gardama. Amma gaggawarsa ta yi yawa. Mutum ne da ko shayi a tsaye yake sha, kuma kafin ka gama amsa gaisuwarsa ya yi nisa.

Sai Allah ya haɗa shi da kwamfuta mai nawa.

Da safe idan ya kunna ta, sai ya je ya gaisa da maƙwabta, ya sayo ƙosai, ya share shago, ya dawo ya tarar tana nan tana juyi. Da yamma kuwa idan ya ce ta kashe kanta, sai ta ce a jira. Kashim da jira? Sai ya miƙa hannu ya zare filogi daga soket, ya rufe shago. Haka yake yi mata kullum.

Wata ranar Laraba wata dattijuwa ta zo daga Gadaka, sunanta Inna Hansatu. Ta kwance bakin mayafinta ta ciro wani tsohon katin memori na waya.

"Ɗana," ta ce, "bidiyon maigidana ne a ciki, Allah ya jiƙansa. Ya rasu 'yarmu Sauda tana rarrafe, ko muryarsa ba ta sani ba. Asabar ɗin nan za a kai ta ɗakinta. So nake ka gyara shi ta ga ubanta kafin ta bar gida."

Da ƙyar katin ya buɗe. Kashim ya yi sauri ya kwafe bidiyon a kwamfuta, daga nan katin bai ƙara motsi ba. Wato muryar mutumin nan ba ta rage ko'ina a duniya ba sai cikin wannan kwamfutar. Ya ce a ransa idan ya gyara sai ya zuba a filash, 'yar ma'ajiyar nan ta aljihu. Da yamma ta yi, ya zare filogi kamar yadda ya saba.

Washegari ta yi nawar da ba ta taɓa yi ba. Kashim ya tuna bidiyon da ke cikinta. Ya leƙa shagon abokinsa Auwal mai gyaran waya, wanda yake ɗan taɓa kwamfuta, ya jawo shi.

"Mutumina, ko zafi ne? Ko wutar janareta ce? Ko tsufa?"

Auwal ya zauna ya danna nan ya danna can, sai ya fashe da dariya.

"Wane tsufa? Duba nan. Duk waɗannan manhajoji tare suke tashi da ita. Kamar mutum ne ya fito zai tafi aiki, aka ce sai ya shiga kowane gida a layinsu ya gaishe su. Yaushe zai isa? Ka riƙa tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kana kunnawa, za ka gane mai laifin. Wadda ba ka sani ba, ka goge ta kawai."

Kwastoma ya kira Auwal, ya tafi.

Abin mamaki, sai aikin ya kama ran Kashim. Ya tsayar da manhaja ɗaya, ya sake kunnawa, ya zuba ido. Ya ga ɗan sauƙi. To wannan daga ina ta fito? Ya yi tunani, can ya tuna. Safiyanu mai sayar da waƙoƙi ne ya sa ta ranar da ya ari kwamfutar. Ta gaba kuma ta Auwal ce da kansa, wadda yake buɗe wayoyi da ita. Ga masu kashe bairos har guda biyu, kowace na binciken 'yar'uwarta kamar ɓarauniya. Ga wasan ƙwallo da ɗan maƙwabcinsa ya zuba. Kashim ya riƙa gano su yana dariya shi kaɗai. Ashe rabin mutanen layin nan a cikin kwamfutarsa suke kwana.

Kafin la'asar tashi ya gyaru. Yana dannawa take buɗewa.

Saura kashewa. Ya gwada, ta sake cewa a jira. Ya duba, sai ya ga wata 'yar manhaja ce guda ɗaya take riƙe ta. Ga mai laifin! Ransa ya ɓaci, ya kai linzamin kwamfuta kanta zai goge.

Sai ya tsaya. Duk sauran ya san masu su, wannan kaɗai ya kasa tuna wanda ya sa ta. Son sanin ya hana shi sakat. Ya tambayi Auwal, ya ce ba shi ba ne. Safiyanu ma ya rantse. Mutum ɗaya ta rage da ta taɓa zama a kujerar nan: matarsa Hanifa, wadda take taya shi aikin shago kafin ta haifi ɗansu Ashraf.

Ya kira ta a waya.

"Baban Ashraf, kar dai ka goge ta?"

"Ban goge ba tukuna. Mece ce?"

"Leƙa bayan tebur, ƙarƙashin wayoyin nan. Ka ga wani ɗan baƙin akwati?"

Ya durƙusa ya duba. Yana nan, ƙura ta rufe shi. Shi duk zatonsa caja ce.

"Ma'ajiya ce," in ji ta. "Duk yamma idan ka ce ta kashe, sai manhajar ta fara kwafe aikin ranar ta zuba a ciki, saboda tsaro. Shi ne jinkirin. Na gaya maka ai. Ka ce mini 'to' kana bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa."

Kunya ta kama Kashim. Wato abin da yake tsinewa kullum, adana masa aikinsa yake ƙoƙarin yi, shi kuma yana katse shi a tsakiya.

A wannan yammar ya danna kashewa, ya zauna. Aikin watanni ya taru, don haka abin ya ɗauki lokaci. Hannunsa ya riƙa tafiya wajen soket da kansa, yana dawo da shi. Har ya zauna a kan hannun, wallahi. Aka kira magariba, ya bar ta a kunne ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tarar ta gama, ta kashe kanta cikin natsuwa.

Ranar Juma'a da safe ya danna. Baƙin allo kawai, sai wata 'yar ƙara ƙas-ƙas daga ciki. Auwal ya zo ya kasa kunne, ya girgiza kai.

"Ma'ajiyar cikinta ta tafi, mutumina. Ta daɗe tana ciwo, zare filogin nan naka kuma bai taimake ta ba."

Kashim ya durƙusa bayan tebur. Fuskar Inna Hansatu kawai yake gani. Ya ciro ɗan baƙin akwatin, suka haɗa shi da kwamfutar Auwal. Suka buɗe.

Bidiyon yana nan.

Ya gyara shi a kwamfutar Auwal, ranar Asabar shi da Hanifa suka kai shi Gadaka da kansu. Aka kunna a tsakar gida, mata sun kewaye amarya. Sai ga wani mutum a zaune kan tabarma, yana ɗaga jaririya sama yana cewa, "Sauda ta Baba, Allah ya raya mini ke." Amarya ta yaye lulluɓi ta matso kusa. Ta ce a sake. Aka sake. Ta ce a ƙara, hawaye na zuba, ba wanda ya ce mata an makara.

Da za su tafi, Hanifa ta tsaya tana neman mayafin goyo. Direban motar da ta kawo su ya matsa oda. Kashim ya leƙa shi ta taga ya ce, "Malam, yi haƙuri. A jira ta."

Darasi: Ba duk abin da ya tsayar da kai ba ne yake cutar da kai. Wani jinkirin kare ka yake yi, ko na na'ura ne ko na mutumin da ke gidanka. Kafin ka katse shi ko ka goge shi, ka tambayi dalili, kuma ka tsaya ka ji amsar. Ku tura wa duk mai gaggawar da kuka sani, wataƙila ku cece shi kafin ya zare nasa filogin.