Zauren Ramin Jatau

A zamanin da babu komai a yammacin birni sai kurmi, wani maharbi mai suna Jatau ya kafa tunga a gindin wata ɗorawa. Jatau sha-dafi, na gaban ɓauna, mai kwana inda zaki ya tashi. An ce idan giwa ta taso masa sai ya taɓa layarsa ya ɓace, a gan shi a bayanta. Manoma suka ji akwai nama da kariya, suka riƙa zuwa suna kafa bukkoki, har aka yi gida arba'in.

Jatau yana da kyauta, amma cikinsa zurfi gare shi. Yakan haƙa ramuka ya rufe da kirare da ciyawa, dabba ta taka ta rufta. Inda ramukan suke kuwa, ko matarsa ba ta sani ba. Awaki suka yi ta ɓacewa. Wata damina mijin wata mata mai suna Tasalla ya faɗa cikin ɗaya ya karye a ƙugu, bai sake riƙe fartanya ba. Da aka kai wa Jatau maganar, sai ya aika da cinyar gada, ya ce mai tafiya a daji ya dubi gabansa.

Shekara ta zagayo, yana bin sawun barewa, ƙasa ta rufta da shi. Raminsa ne, zurfinsa gaba uku. Ya taɓa laya bai ɓace ba, domin asirin maharbi ba ya aiki a cikin abin da ya haƙa da hannunsa. Ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Mutane sun so nemansa, to amma ta ina? Kowa tsoron taka dajin yake yi. Tsoro ya kama Jatau irin wanda bai taɓa ji ba a gaban ɓauna, don ya gane shi ya ɓoye kansa.

Rana ta uku Tasalla ta fita ɗibar itace ta ji nishi. Ta leƙa, ta koma ta kirawo gari. Aka zauna kewaye da bakin ramin. Ta zura masa goran ruwa ya sha, sannan ta janye igiyarta ta naɗe.

"Baba Jatau, ina da ina sauran ramukan suke?"

Ya ce wannan sirrin gado ne, ba a faɗinsa.

"To, igiyar nan ma ta gado ce," in ji ta.

Jatau ya ɗaga kai ya ga fuskokin mutanen da ya saba hangowa daga sama. Kunya ta rufe shi. Ya fara lissafawa, na gindin marke, na bayan suri, har ashirin da uku, ya tsaya. Tasalla ta sake tambayarsa.

"Akwai saura?"

Sai ya ce akwai ɗaya, a gefen hanyar rafi, inda mata ke bi kullum. Sai a lokacin ta sako igiya.

Da ya warke aka cike ramukan duka, ban da wanda ya rufta da shi. Shi ya roƙi a gina zauren taro a kansa. Magina suka tayar da bango zagaye da tubali, suka ɗaure rufin da azara ba tare da ginshiƙi ba, don kada wani ya samu abin laɓewa. Suka zagaye ramin da dakali, suka sassaƙa matakala bakwai zuwa ƙasa, suka bar taga a tsakiyar rufi, haske na sauka kan wanda ke ciki.

Yau birni ya cimma Tungar Jatau, ta zama unguwar ma'aikata. An sake zauren da siminti da kwano, an sa fanka da lasifika. Injiniyan da ya yi aikin ya so cike ramin don a ƙara kujeru, tsofaffin mata suka zauna a bakinsa har ya haƙura.

Duk wanda aka ba shugabancin unguwar, a ranar taro shi ke sauka matakalar nan ya yi bayani daga ƙasa. Idan ya gama, wata daga zuriyar Tasalla takan tambaye shi, "Akwai saura?" Ba ya hawowa sai ya amsa.