Jan Ƙyalle a Ƙofar Shuvai

Akwai wata mata a unguwarmu ta Sakubva, a garin Mutare, sunanta Shuvai, amma kowa Maman Ruvimbo yake ce mata, da sunan 'yarta tilo. Mijinta ya rasu tun yarinyar tana goye. Tumatir da ganye take sayarwa a kasuwa, sai dai ba da wannan aka san ta ba. Da tukwane aka san ta.

Shekara goma sha huɗu tana cikin ƙungiyar jana'iza ta unguwa, wadda kowa ke zuba dala uku duk wata, domin ranar da mutuwa ta shigo gidansa a sayi akwatin gawa, a ciyar da masu zaman makoki. Manyan tukwanen ƙungiyar a bayan ɗakinta ake ajiye su.

Duk gidan da aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofarsa, alamar an yi rasuwa, kafin mata su gama kukan farko Shuvai ta iso ta hura wuta. Ta tuƙa sadza, wato tuwon masara, a makokin mutanen da ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba suna raye.

Ruvimbo tana da shekara goma sha bakwai lokacin da kombin da ya ɗauko su daga makaranta, wato ƙaramar motar haya, ya ƙwace a gangare ya kife. Ita ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma ƙawarta Tariro a kan cinyarta ta cika, kafin a zo a ciro su.

A makon farko mutane sun shigo jaje. Daga nan yarinyar ta daina zuwa makaranta, ta daina fita tsakar gida, a ƙarshe ta daina magana. Sai ta kwanta ta juya wa bango fuska. In an ajiye mata abinci ta yi loma biyu ta ture.

Ba a jima ba zance ya zagaya cewa ruhin Tariro ne ya biyo ta gida. Sai ƙafa ta ɗauke. Maƙwabciyar da kullum take shigowa aron gishiri ta koma saye a shago. Masu gaishe da Shuvai suka koma ɗaga hannu daga can tsallaken titi, kamar damuwa ma tana yaɗuwa ta numfashi.

Wata huɗu babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan.

Shuvai ta koyi cin abinci ita kaɗai. In ta dawo kasuwa, sai ta jawo kujera bakin ƙofar ɗakin 'yarta, ta riƙa ba ƙofar labari: yadda tumatir ya yi tsada, wanda ya yi faɗa da wa, wadda ta haihu. Ba a amsa mata. Amma gidan in ta yi shiru tsoro yake ba ta.

Wata ma'aikaciyar jinya ce a asibitin unguwa ta fara gaya mata gaskiya.

"Mama, wannan ba ruhi ba ne, ba kuma taurin kai ba ne. Ciwo ne, kuma yana warkewa. Akwai wata likitar ƙwaƙwalwa a cikin gari, tana zama da yara irinta su yi magana, mako-mako. Dala ashirin da biyar ne kowane zama, kuma sai an yi kamar wata uku."

Shuvai ta yi 'yar dariyar da ba ta daɗi ba. Ribar da take samu a mako ba ta kai haka ba.

Ma'aikaciyar ta rage murya ta ce, "Kada ki ja lokaci, Mama. Yarinyar nan ta fara gajiya da rayuwa."

Wannan maganar ce ta kai Shuvai taron ƙungiya ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. A gindin mangwaron gidan shugaba ake yi, wato Baba Gwenzi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin da ko rana ta kai yaya sai ya sa kwat. Dokokin ƙungiyar shi ya rubuta su, kuma yana son su fiye da yadda yake son mutanen da ke cikinta.

Shuvai ta durƙusa, ta tafa hannu ta gaishe da manya, sannan ta ce:

"Baba Gwenzi, sunan Ruvimbo yana cikin waɗanda ƙungiya za ta binne. Ina roƙo a cire shi. Ku ba ni kuɗin akwatinta yanzu in kai ta wajen likita. In ta mutu, ni zan binne abata."

Baba Gwenzi ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Maman Ruvimbo, ina takardar mutuwa?"

"Tana raye, Baba."

"To me ya kawo ki? Mu nan ba a fitar da ko sisi sai an mutu. Yau in na ba ki don 'yarki ta daina magana, gobe wani zai zo don matarsa ta cika magana."

Maza suka kwashe da dariya. Da ya ga an yi dariya, sai ya ƙara.

"Dala ashirin da biyar don hira! Ki kawo ta wajen matata mana, kyauta za ta yi mata hira har sai ta tashi ta gudu da ƙafarta."

Shuvai ta bi fuskokin mutanen da kallo. Babu wanda ba ta tsaya a hayaƙi domin mamacinsa ba. Kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Wannan shirun ya fi dariyar yi mata ciwo.

Tana miƙewa ya ce, "Af, Laraba akwai jana'iza a unguwar Dangamvura. Kada ki makara da tukwane."

Da ta koma gida, ta jawo kujerarta bakin ƙofar nan kamar kullum. Ta saba gaya wa ƙofar komai, har ta manta akwai kunne a bayanta.

"Na je, 'yata. Sun ce sai an mutu."

Ranar Laraba ta daɗe tsaye a tsakar gida, zuciyarta ba ta son tafiyar. Amma shekara goma sha huɗu ba ta taɓa barin masu makoki da yunwa ba. Ta ajiye wa Ruvimbo shayi da burodi, ta ɗora tukwane a baro, ta tafi.

Rana ta take tsaka, tana cikin tuƙi, sai ga maƙwabciyarta mai aron gishiri ta iso tana haki. Ba ta iya haɗa ido da ita ba.

"Maman Ruvimbo, ajiye muciyar nan. Zo mu je gida."

Tun daga kan kwana ta hango shi. Jan ƙyalle, ɗaure a ƙofar gidanta. Ta gane shi, daga jikin tsohon zanenta aka yage shi.

Gidan da ya yi wata huɗu ba baƙo ya cika maƙil. An fitar da kujerun falo waje, maza sun zazzauna. Mata suna ƙasa a ciki suna waƙar makoki. Farantin gudummawa yana tsakiya, har kuɗi ya fara tudu a kai. Ga Baba Gwenzi da kwat ɗinsa, riƙe da ambulan ɗin kuɗin akwati. Ko awa biyu ba a yi ba ya fito da su.

Babu wanda ya shiga ɗakin yarinyar. Sun ce uwa suke jira. Gaskiyar ita ce tsoro suke ji.

Shuvai ta ratsa mutane ta nufi ɗakin. Ta tura ƙofar.

Ruvimbo tana zaune a bakin gado, sanye da kayan makarantarta, ta goge takalmi. Ta ɗan ɗaga labule tana leƙen tsakar gida. Ta juyo, da muryar da ta dushe don rashin amfani ta ce:

"Mama, sun zo."

Shuvai ta zube ta rungume ta, tana shafa fuskarta, tana taɓa hannayenta, kamar ba ta yarda ba.

"Ke kika ɗaura?"

"Kin ce sai an mutu. Na so in ga ko za su zo ɗin. Ban so in tafi ban ga kowa ba, Mama."

Sai a lokacin Shuvai ta fasa kuka, kukan da ya fi na duk matan da ke falo.

Da ta fito riƙe da hannun 'yarta, waƙa ta tsaya cak. Wasu suka ja da baya har suna taka juna. Baba Gwenzi ne ya fara samun bakinsa.

"Wannan wane irin iskanci ne? Wasa da mutuwa? An tashi mutane daga aikinsu! Sai an ci tarar gidan nan!"

Wata mata ta miƙe daga cikin masu makoki. Maman Tariro ce. Tun ranar haɗarin ba su haɗu da Ruvimbo ba, kuma yarinyar ta ɗauka matar nan ba za ta taɓa yafe mata don ta rayu ba.

Maman Tariro ta zo ta kama fuskarta da hannu biyu.

"'Yata, an ce min kin riƙe ta har ƙarshe. Na so in zo in yi miki godiya, na kasa. Ki yafe min."

Sannan ta juya wajen shugaba.

"Baba Gwenzi, akwatin da kuka saya wa Tariro mai kyau ne ƙwarai. Har da hannaye masu ƙyalli. Ko na minti ɗaya ban ji daɗinsa ba. Ga wadda ta rage mana tana numfashi, kai kuma kana tsaye da kuɗin katako a hannu."

Ta ɗauki farantin gudummawar ta ɗora a hannun Shuvai, ta dubi jama'a.

"Wanda yake son nasa don ba a mutu ba, ya zo ya ɗauka."

Ba wanda ya motsa. Baba Gwenzi ya mayar da ambulan aljihu ya fita yana faɗa, yana waiwaye ko za a biyo shi. Ba a biyo shi ba.

Abin da ke farantin ya biya zama huɗu. A taro na gaba aka kawo shawarar a riƙa ware dala ɗaya cikin ukun nan domin yaran 'yan ƙungiya masu irin wannan ciwo. Hannu ɗaya ne kawai bai tashi ba. Da wannan kuɗin aka ci gaba da biyan likitar Ruvimbo. Kafin wata ya ƙare, iyaye uku suka zo wajen Shuvai a ɓoye suna tambayar ina likitar take. Ashe ba gidanta kaɗai ba ne ke da ƙofar da ake yi wa magana.

Ba zan ce muku Ruvimbo ta warke a rana ɗaya ba. Akwai makon da ta sake juya wa bango fuska. Baƙin ma sun ragu, sai Maman Tariro da ke zuwa duk Asabar su tsinci wake tare. Kuma duk Alhamis da ƙafa Ruvimbo da uwarta suke zuwa wajen likita, tafiyar kusan awa ɗaya, domin ko ƙarar kombi yarinyar ta ji sai ta toshe kunne.

Ranar zama na goma, suna dawowa, rana ta yi zafi. Wani kombi ya rage gudu a gefensu yana neman fasinja. Shuvai ta yi maza ta shiga tsakaninsa da 'yarta, kamar yadda ta saba.

Ruvimbo ta tsaya. Ta daɗe tana kallon motar. Sannan ta damƙe hannun uwarta da ƙarfi.

"Mama, ƙafata ta gaji. Mu hau."

Darasi: Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, kuma iyaye da yawa kuɗin maganin ne ya gagare su. Kada mu jira sai an yi rasuwa sannan mu san hanyar gidan maƙwabci. Abin da za ka bayar a zaman makoki, ka bayar da shi tun yaron yana numfashi. Ku tura wa 'yan'uwa da ƙungiyoyinku, wataƙila akwai uwar da ke magana da rufaffiyar ƙofa a layinku.