Jatau Ɗan Garuwa da Ɓeran Makauniya

An yi wani mutum a wani gari, tun lokacin da ba famfo, kowa sai ya sayi ruwa ko ya je rijiya ya ja da kansa. Sunansa Jatau, ɗan garuwa ne. Garwa biyu, sanda ɗaya a kafaɗa, daga rijiyar bayan gari zuwa gidajen mutane, daga gidajen mutane zuwa rijiya. Aikinsa ke nan tun yana saurayi har furfura ta fara fito masa. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne, ko a masallaci sahun baya yake tsayawa saboda kullum ƙafar wandonsa a jiƙe take. Ni ma da nake ba ku labarin ba malami ba ne. A bakin tsohona na ji, yadda na ji kuwa haka zan faɗa. Ku saurara.

Cikin gidajen da yake zuba wa ruwa akwai gidan wata tsohuwa makauniya, Inna Tasalla. Ita kaɗai take zaune. 'Yarta guda ce, tana aure a wani gari mai nisan kwana biyu a jaki. In ka cire ita tsohuwar, abin da ke numfashi a gidan nan ɓeran Masar ne guda ɗaya. Kun san shi, ɗan dabban nan mai kama da zomo, ba jela, kunne gajere, ba abin da ya iya sai cin ciyawa da tsuwa. To wannan tsuwar ita ce amfaninsa a gare ta. Kwandonsa yana bakin ɗakinta. Da ya ji an taɓa ƙyauren zaure sai ya ɗau kuka, kwi-kwi-kwi, don shi a zatonsa duk mai shigowa ciyawa ya kawo masa. Ita kuwa da ta ji, ta san an shigo mata gida, sai ta gyara mayafi ta ce, "Wane ne?" Shi ya sa ta raɗa masa suna Sarkin Ƙofa.

Ana nan sai 'yar ta haihu, aka aiko da jaki a ɗauki tsohuwa ta je ta zauna da ita har a yi arba'in. Da Jatau ya kawo ruwa ranar tafiya, ta miƙa masa kwandon.

Ta ce, "Jatau, ga Sarkin Ƙofa, ka riƙe mini shi sai na dawo. Kada ka ba shi ciyawa mai raɓa. Kada ka bar shi a rana."

Ya ce, "To, Inna."

Ta ce, "Ban da to. Maimaita in ji."

Ya maimaita. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba, don ba ta taɓa zaton akwai mai hankalin da zai yi shi ba. Ba ta ce kada a yi masa wanka ba.

To shi ɗan garuwa, duk abin da ya gani da datti, maganinsa ɗaya ne a wurinsa. Kwana uku da tafiyarta ya sansana ɓeran ya ji ƙarni. Ya samo sabulun salo ya cuɗe shi tas, ya ɗebo ruwa da gwangwani ya kwarara masa daga ka har ƙafa, kamar yadda shi yake wanke kansa a bakin rijiya. Ya shanya shi a inuwa yana jin ya yi aikin kirki.

Bai cika mako ba ɓeran ya fara sosa kunnen hagu. Daga sosa sai karkaɗa kai. Daga nan wuya ya karkace gefe guda, in zai tafi sai ya yi ta zagaye wuri ɗaya har ya faɗi. Ruwa mai wari ya fara fita daga kunnen. Ya daina tsuwa, ya daina ci.

Jatau ya ɗauki kwando sai wurin Barmo wanzami, don duk garin shi ke kiwon irinsu, yana da sun fi talatin a bayan ɗakinsa. Barmo ya ɗaga ɓeran ya leƙa kunnen, ya sansana, ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Me ya shiga kunnen nan?"

Jatau ya ce, "Wanka na yi masa."

Barmo ya yi dariya har ya ajiye askar da ke hannunsa. Ya ce, "Kai Jatau! Ka yi wa ɓera wankan gawa tun bai mutu ba? Saura likkafani." Da ya gama dariyarsa ya ce, "Gaskiya zan gaya maka. In ya kai ga karkace wuya, yawancinsu tafiya suke yi. Wanda ya tashi ma wuyan ba ya miƙewa, kunnen kuma ya mutu ke nan. Amma zo ka gani."

Ya ja shi bayan ɗaki, ya kamo wani. Fari mai jan tabo a baya, girma ɗaya, kama ɗaya, ka ce uwarsu guda.

Ya ce, "Ɗauki wannan, kyauta na ba ka. Makauniya ce fa. Ko baƙi na ba ka, in ka ce mata fari ne ta yarda. Kuma ka duba, ita me take so da shi? Kunne. Za ka mayar mata da kurma ne, ko za ka kai mata mai kunne biyu? Wallahi taimakonta ma za ka yi."

Ku tsaya nan. Kada wani ya ce Barmo shaiɗani ne. Maganarsa tana da kai. Wa aka cuta? Tsohuwa ta sami mai gadi lafiyayye, Jatau ya huta da kunya, ɓera kuwa ɓera ne. In ni da ku ne, da yawanmu kafin ya rufe baki mun miƙa hannu. Shi ma Jatau sai da ya tsaya yana kallon lafiyayyen yana cin harawa, ya daɗe.

Sa'annan ya ce, "Wanzam, wannan ta ba ni, kuma ni na ɓata shi. In akwai mai cewa a musanya, ita ce. Nuna mini yadda ake wanke kunnen kawai."

Barmo ya ce, "Ai sai ka yi ta yi." Amma ya nuna masa.

Aikin ba wuya gare shi ba, naci ne. A naɗe auduga a tsinke, a tsoma a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a matse, a share mugunyar da ta fito baki-baki, ba a zurawa ciki. A shafa ɗan man kaɗe inda ya sosa ya ji ciwo. Babbar wahalar ita ce ci, don irin dabban nan in ya yini bai ci ba, ya kama hanya. Sai Jatau ya jiƙa dusa ta yi laushi, ya daka ɗanyen ganyen dankali ya gauraya, ya naɗe ɓeran a tsumma ya ɗora a cinya, yana lakatowa da yatsa yana tura masa ta gefen baki. Kaɗan ya shiga, da yawa ya zube. In na ce muku sau ɗaya a rana, na yi ƙarya. Duk sawu biyu da ya yi na ruwa sai ya ajiye garwa ya koma gida ya ba shi. Ku kuma na yanzu, kada wani ya ji wannan ya je yana zura wa dabbarsa tsinke a kunne ya ce ni na ce. Su a lokacin ba su da likitan dabbobi ne. Ku kuna da shi, ku kai masa.

Ruwa ya fara isa gidajen mutane a makare. Gida uku suka gaji da jira suka koma wa wani ɗan garuwan. A bakin rijiya aka sa masa suna bokan ɓera. In ya iso sai ka ji an ce, "Boka, ya mai jiki? An yi masa turare?" Matarsa Kuluwa ma ba ta ƙyale shi ba. Ta ce, "Malam, audugar kaɗina ta ƙare a kunnen ɓera, man shafawata ya ƙare a kunnen ɓera. Ni da na yi ciwon haƙori bara, cewa ka yi in tauna kanumfari." Ya ce, "Gaskiyarki." Ya ci gaba da lakato dusa.

Wajen kwana goma sha biyu abin ya yi tsanani. Ɓeran ya kwanta gefe ɗaya, ido yana rawa, sai ƙashi da gashi. Ran nan da hantsi Barmo ya biyo da zabirarsa, ya leƙa ya gani. Ya koma gida ya ɗauko lafiyayyen nan a ƙwarya ya ajiye a zauren Jatau. Ya ce wa Kuluwa, "Ki ce masa ba dole. Ya zauna nan dai, ko da za a buƙata."

Jatau ya dawo ya tarar. Ko ruwa bai sha ba, ya ɗauki ƙwaryar ya mayar wa mai ita. Barmo ya ce, "Ajiya ma ba za ka yi ba?" Ya ce, "In ya kwana biyu a gidana, zan fara ganin maganarka daidai ce." Kun ji. Mutumin nan bai ɗauki kansa waliyyi ba. Ya san zuciyarsa irin tamu ce, shi ya sa ya fitar da abin daga gidan.

Ɓeran dai bai mutu ba. Kada ku tambaye ni dalili, kwanansa ne bai ƙare ba. Mugunya ta ƙafe, ya fara jan ciyawa da kansa, ya mayar da jiki. Amma yadda Barmo ya faɗa haka aka yi. Wuya ya zauna a karkace, kunnen hagu ya tafi. In aka taɓa ƙofa daga nesa, shiru.

Arba'in ta cika, Inna Tasalla ta dawo. Jatau ya ɗauki kwando ya tafi. Ya tura ƙyaure, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata barka da jika.

Ta ce, "Da shi ka zo? Ban ji shi ba."

Ya ce, "Da shi na zo, Inna. Amma ba yadda kika ba ni shi yake ba." Ya kwashe duka ya gaya mata, tun daga sabulun salo. Bai ce iska ce ba, bai ce dama da ciwonsa ba.

Kada ku zaci ta sa masa albarka. Cewa ta yi, "Wanka? Ɓera? Kai Jatau, ashe ruwan da kake ɗauka har cikin kanka yake zuba!" Ta yi masa tatas, yana durƙushe. Da ta gaji ta ce, "Miƙo shi." Ta shafa bayansa, ta shafa wuyan, ta bi karkacewar da yatsa.

Jatau ya ce, "Barmo yana da wani irinsa sak, lafiyayye, ya ce kyauta. In kina so yanzu in karɓo miki."

Ta ce, "Yau ya ce, ko tun ina can?"

Ya ce, "Tun kina can."

"Ya ce ka sa mini shi a kwando ka yi shiru."

"Ya ce."

Ta ce, "Da ka yi, da ban gane ba. Kada ka ji ana cewa makaho yana gane komai da hannu, ƙarya ce, da ban gane ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana miƙo mini abu a ce shi ne, in ce to. A ba ni goro a ce ɗan ɗazu ne, in ɓara in ji ya bushe. A sayo mini zane a ce shuɗi ne, sai na shiga biki in ji mata na dariya. Har 'yata ta cikina, in na tambaye ta ko ta rame sai ta ce ta yi ƙiba, alhali ga hannunta a hannuna. Duk don kada raina ya ɓaci, wai. Kai kaɗai ka ɓata mini rai da gaskiya." Ta mayar da ɓeran kwando. Ta ce, "Bar wa Barmo abinsa. Ɗayan kunnen yana ji?"

Ya ce, "Yana ji, in abu na kusa."

Ta ce, "To ɗauke kwandon daga nan ka kai shi jikin zaure, dab da ƙyauren. Jawo mini tabarmata kusa. Yanzu fita ka shigo."

Ya fita ya turo ƙyaure. Shiru. Ta ce ya ƙara matsar da kwandon. Ya matsar, ya sake fita, ya turo. Sai ga tsuwa, 'yar siririya, kwi-kwi.

Ta gyara mayafi ta ce, "Wane ne?"

Ya ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "Na sani. Gobe ka kawo ruwa da wuri. Kuma randa kaɗai za ka zuba wa."

Shi ke nan labarin. Jatau bai tsinci tukunyar zinariya ba, gidaje ukun nan ma ɗaya ne ya dawo masa. Abin da ya samu ƙarin aiki ne. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo wa tsohuwar nan wani abu, zane ne, saƙo ne, magani ne, sai ta ce, "Ajiye nan, sai Jatau ya zo ya gaya mini mene ne." Haka ta yi har ta bar duniya.

To jama'a, ga abin da ke ciki, ba sai an yi muku doguwar fassara ba. Amana ita ce ka mayar wa mutum ainihin abinsa tare da gaskiyar abin da ya same shi a hannunka, ko da kai ne ka ɓata, ko da ba zai taɓa ganewa ba. Ba kai ke da ikon zaɓa masa ba don ka ga ba ya gani.

Kuma kowa a nan yana da makahonsa. Kai bakanike, wanda ya bar maka mashin bai san abin da ke cikin injin ba. Kai tela, mai yadin ba ta wurin lokacin da almakashi ya zarce. Kai da aka ba ka kiwon akuyar marayu, su ba su san nawa ta haifa ba. Kai da tsohonka ke miƙo maka takardar asibiti ya ce karanta mini, makaho ne a gabanka. Duk ranar da ka ji bakinka yana shirin cewa, "Ai ba zai sani ba, kuma hakan ma ya fi masa," to ka sani Barmo ne ya ajiye maka ƙwarya a zaure. Tashi ka mayar masa tun ba ta kwana ba. Allah Ya ba mu ikon yi.